Tarihin Ba'are da ke yawo a wayoyinmu



Duk shekara in watan Afrilu ya kama, sai ka ga ana ta tura tarihin marigayi Janar Ibrahim Ba'are Mainasara a WhatsApp da Facebook. Iri biyu ne ke yawo. Akwai na masoya, wanda ke farawa da "gwarzo, shahidi", akwai na waɗanda har yau ba su huce ba, shi kuma da "ɗan kama-karya" yake buɗe baki. Ban taɓa kula su sosai ba, sai da wani ɗan ƙanena da ke kwaleji ya zo mini da takardarsa. Malaminsu ya ba su aiki, kowa ya rubuta rayuwar ɗaya daga cikin shugabannin Nijar. Yaron ya zaɓi Ba'are, ya kwafo daga waya, layinsa na farko ya ce an haife shi a Maraɗi. Abokinsa ma Ba'aren ya zaɓa, amma a tasa takardar Dogon Dutsi aka rubuta. Suka yi ta musu har suka zo wurina raba gardama.

"Baba, ai namu ne, ko? A nan Maraɗi anka haife shi."

Na ce masa zauna tukuna. Ku biyun duka ba ku ƙirƙiro ba. Ranar haihuwar, 9 ga Mayu 1949, kusan kowa ya yarda da ita. Wurin ne littattafai suka saɓa a kansa: wasu sun rubuta Maraɗi, wasu sun rubuta Dogon Dutsi. Abin da babu musu a ciki shi ne asalin gidansu na ƙasar Arewa ne, kuma a Dumega, can yankin Dogon Dutsi, aka binne shi. Sunan ma, a kunnen Bahaushe, wajen Arawa yake nuni. Amma suna ba takardar haihuwa ba ne, kuma garin kakanni daban, garin da aka yanke cibiya daban. Mu nan mun fi kowa sanin haka: ƴaƴan ma'aikata nawa aka haifa a Tasawa ko Dakwaro don aiki ya kai ubansu can, alhali ba su da ko kangon gida a garin?

Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. A ƙasarmu ba ƙarama ba ce. Dattawanmu da yawa a takardunsu an rubuta musu kalmar nan ta Faransanci, vers, wato "wajajen shekara kaza", wasu kuma aka liƙa musu 1 ga Janairu. Ku duba, Mahamadu Isufu 1 ga Janairu 1952 ne a rubuce, Mohamed Bazum 1 ga Janairu 1960. Kuma kun tuna a 2020 sai da maganar takardun asalin Bazum ta kai gaban alƙalai kafin aka tabbatar da takararsa. Layi guda a tarihin ɗan siyasa yana iya zama hujjar hana shi tsayawa zaɓe, ko hujjar da wata jiha za ta ce namu ne, ku ba ku da shi. Shi ya sa na ce wa yaron kada ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi don shi ɗan jihar Maraɗi ne. Ya rubuta duka biyun, ya faɗi inda ya samo kowace.

Tsakiyar rayuwar mutumin ba ta da wuyar rubutawa. Soja ne, yana cikin matasan hafsoshin da suka kasance tare da Seyni Kunce a juyin mulkin 1974, ya zama dogarinsa, daga baya ya shugabanci masu tsaron fadar shugaban ƙasa. A zamanin Ali Saibu ya riƙe ministan lafiya daga 1987, sannan aka tura shi jakada a Aljeriya. A 1995 ya zama babban hafsan hafsoshin soja. Waɗannan muƙamai duk akwai takardun naɗi, an buga su a jaridar hukuma, masoyi da maƙiyi ba su da abin ja a kai.

Rigimar tana farawa ne daga ranar Asabar 27 ga Janairu 1996, ranar da ya kifar da Mahaman Usman, shugaba na farko da aka zaɓa a zaɓen jam'iyyu da yawa a Nijar. Rubutun masoya ya ce "ya ceto ƙasa". Na ɗaya ɓangaren ya ce "ya kashe dimokuraɗiyya". Kowanne akwai abin da ya dogara da shi. Gaskiya ne kusan shekara guda mulki ya cije, Shugaba Usman da Firaminista Hama Amadu ba sa ga maciji, har taron majalisar ministoci ya zama abin rigima. Gaskiya ne kuma gwamnatin da aka kifar ɗin zaɓaɓɓiya ce, tsarin mulki bai ba soja hurumin raba faɗan ba. Mai rubuta tarihi yana iya faɗin waɗannan biyun da bakinsa, domin sun faru. "Ceto" da "kisa" kuwa hukunci ne. In zai sa su, sai ya ce wane ne ya faɗa: magoya bayansa suna kiran abin ceto, ƴan adawa suna kiransa ƙwace. Bambancin ɗan kaɗan ne a takarda, amma shi ke raba tarihi da kirarin maroƙi.

Ba wai ina raina maroƙa ba fa. Sana'arsu ce, kuma kowa ya san an biya su. Matsalar ita ce kirarin da aka sa wa rigar tarihi aka ce yara su haddace.

Zaɓen 7 da 8 ga Yuli 1996 shi ne wurin da na fi ganin ana yanke labari rabi. A takardar ɗan ƙanena an rubuta: "Ya ci zaɓe da kashi 52 cikin 100 tun zagayen farko." Ba ƙarya ba ne, adadin da aka bayyana ke nan. Sai dai an tsallake yadda aka kai ga adadin. Ana cikin aikin zaɓen, ba a gama tattara sakamako ba, aka rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, aka kafa wata sabuwa a madadinta, ita ce ta ba da sakamakon. Sauran ƴan takara huɗu, Mahaman Usman, Tanja Mamadu, Mahamadu Isufu da Mumuni Adamu Jarmakwai, aka yi musu ɗaurin talala a gidajensu. Jam'iyyun adawa suka ƙi amincewa, suka kuma ƙaurace wa zaɓen ƴan majalisa na watan Nuwamba. Wanda ya rubuta 52 ya yi shiru ya ruɗi mai karatu ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Wanda kuma ya rubuta "ya sace zaɓe" kawai, bai kawo adadin ba, bai faɗi abin da aka yi dalla-dalla ba, shi ma ya hana mai karatu abin da zai auna da kansa. Ni a ganina, in ka jera abubuwan nan yadda suka faru, ba ka buƙatar ƙara wata kalma mai zafi. Mai hankali zai gane.

A nan ne maganar madogara take shigowa. Tsofaffinmu na cewa "a rediyo na ji", kamar magana ta ƙare. To wace rediyo? A wancan lokaci Muryar Sahel da jaridar Le Sahel na gwamnati ne, abin da mai mulki ke so a ji shi suke faɗi. Jaridu masu zaman kansu irin su Haske da Le Républicain suna nan, su ma kowace da inda ta karkata. Gidan rediyon Anfani na Yamai har rufe shi aka yi na wani lokaci a rikicin zaɓen nan. Ga kuma BBC da Muryar Jamus da muke kamawa da dare. In abu ya fito a bakin gwamnati kaɗai, ka rubuta "gwamnati ta ce". In a bakin adawa kaɗai, "adawa ta ce". In ɓangarorin da ba sa shiri sun haɗu a kansa, kamar rushe CENI da babu wanda ya musa, to wannan ka rubuta shi kai tsaye.

Masoya ma suna da nasu haƙƙi da ake danne musu. A zamaninsa aka sa hannu a yarjejeniyar Aljas ta 1997 da ta Njamena ta 1998 da ƙungiyoyin tawayen da suka rage, kuma rubutun maƙiya ba ya ambaton su ko sau ɗaya. Amma na ga wani saƙo da ya jingina masa har da yarjejeniyar 24 ga Afrilu, wadda muke hutu dominta duk shekara. Wannan a 1995 aka yi ta, Mahaman Usman na kan mulki. In ka ba mutum abin da ba nasa ba, ranar da aka gano, har nasa na gaskiya sai an yi shakkarsa.

Yanzu mu zo ga ranar Juma'ar nan, 9 ga Afrilu 1999, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ƙasa tana cikin zafi. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu, irin zaɓen da ya shafi garuruwa kamar namu kai tsaye, aka yi rikici wajen tattara sakamako, a farkon Afrilu Kotun Ƙoli ta soke na wurare da dama. Ga bashin albashi, ga boren sojoji da aka yi a 1998. Ran nan shugaban ya je filin jirgin saman soja na Yamai zai hau jirgi mai saukar ungulu, aka buɗe masa wuta, ya mutu, tare da wasu na kusa da shi. Firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya fito a rediyo ya sanar da mutuwar, ya kira ta mummunan hatsari. Bayan kwana biyu, Kwamanda Dauda Malam Wanke, shugaban rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, ya zama shugaban majalisar sojan da ta karɓi mulki.

To ga tambaya ga mai cewa a riƙa bin maganar hukuma kawai. Hukuma ta ce hatsari. In da ɗan ƙanena ya bi ƙa'idar "abin da gwamnati ta faɗa shi ne madogara", da ya rubuta cewa shugaban ƙasa ya rasu a hatsari, da malaminsa ma ya yi masa dariya. Rashin ɗaukar ɓangare ba ya nufin ka tsaya tsakanin gaskiya da ƙarya ka ce duka daidai ne. Kalmar "hatsari" tana da wurinta a tarihin, amma a matsayin abin da Firaminista ya faɗa ran nan, da sunansa a jikinta. Kuma hukumar da kanta ba ta daɗe a kan kalmar ba. Kundin tsarin mulkin da aka kaɗa wa ƙuri'a a watan Yuli 1999, a aya ta 141, ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999. Ba a yi wa hatsari afuwa. Ku lura kuma, ayar guda ta rufe juyin mulkin da Ba'are ya yi da wanda aka yi masa, abin da kowane ɓangare ke son a manta da rabinsa.

Sai dai akwai iyaka ta ɗaya gefen. Rahotannin lokacin sun ce sojojin da ke tsaronsa ne suka harbe shi, wannan ana iya rubutawa. Amma saƙonnin da ke yawo suna kama sunaye: wane ne ya ba da umarni, wane ɗan siyasa ya sani tun da wuri, wace ƙasa ce ke baya. Afuwar nan ta hana a yi shari'a a Nijar, Wanke ya rasu a 2004 ba a gurfanar da shi ba, babu wata kotu da ta ce wane ne ya yi. Iyalin marigayin sun yi shekaru suna bin kadin maganar, har suka kai ƙasar Nijar ƙara a Kotun CEDEAO da ke Abuja. A watan Oktoba 2015 kotun ta ce an tauye haƙƙin rayuwar shugaban, an kuma tauye haƙƙin iyalinsa na samun shari'a, ta umarci a biya su diyyar sefa miliyan 435. Wannan hukunci madogara ce mai ƙarfi, amma ƙasa aka hukunta, ba a kama sunan wani mutum a matsayin makashi ba. Wanda ya tura saƙo ya ɗora wa wani rayayye jinin shugaban ƙasa ba tare da hujja ba, ya tuna mutumin yana da ƴaƴa, kuma saƙon zai fi mai tura shi daɗewa a duniya.

Da muka gama, yaron ya sake takardarsa. Ya cire "gwarzo", ya ƙara layi biyu a kan CENI, ya sa maganar Mayaki da sunan Mayaki, ya sa aya ta 141 da hukuncin Abuja. A layin farko kuma ya rubuta: "An haife shi ranar 9 ga Mayu 1949, wasu littattafai sun ce a Maraɗi, wasu sun ce a Dogon Dutsi, asalin gidansu Dumega ne, can aka binne shi." Ya karanta, ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Baba, wanga ai ba ya da daɗi kamar na farko." Na ce ya kai wa malam haka nan.