Rawa a Ɗakin Haya: Baƙin Karibiyan na Ingila Cikin Sinima

A watan Yuni na 1948 ne jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan a tashar Tilbury, kusa da Landan. A dokar ƙasa ta wannan shekarar, mutanen nan talakawan Sarkin Ingila ne kamar kowane Bature, kuma Ingila tana bukatar hannunsu a asibitoci da jiragen ƙasa da motocin safa. Amma fa da rana kaɗai ake sonsu. In dare ya yi, masu gidajen rawa da mashaya da yawa sukan rufe musu ƙofa. Sai a 1965 aka yi dokar hana wariyar launi a wuraren taruwar jama'a, ita ma ba ta kashe al'adar nan take ba.

Da aka hana baƙin wurin shaƙatawa, sai suka mai da ɗakunan hayarsu dandali. Ranar Asabar akan kwashe kujeru, a naɗe darduma, a jera manyan akwatunan lasifika waɗanda aka ƙera da hannu. Mata su dafa naman akuya da kori, a tsayar da ƙato a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Wannan shi suke kira blues party. Wani ɗan Jamaika, Duke Vin, shi ake ɗauka ya fara kafa irin wannan kayan kiɗa a Ingila wajen 1955. Bikin kuwa ba rawa kaɗai ba ne. A nan ake jin labarin gida da na aikin yi, a nan mai gida yake samun cikon kuɗin haya, a nan kuma saurayi yake ganin budurwa.

Bayan shekara ashirin da wani abu, 'ya'yan da aka haifa a Ingila suka gaji dandalin. Kiɗan rege na Jamaika a lokacin ya fi karkata ga addinin Rasta da zancen bauta da komawa Afirka, kuma galibi maza ke rera shi. 'Yan matan Landan suna son abin da ya shafi zukatansu. A 1975 wata 'yar makaranta, Louisa Mark, ta yi faifan "Caught You in a Lie", wanda ake lissafawa cikin na farkon wani sabon salo mai taushi, watau lovers rock. A 1979 waƙar Janet Kay, "Silly Games", wadda Dennis Bovell ya tsara, ta kai matsayi na 2 a jerin faifan da aka fi saye a ƙasar. Wannan reshe na rege a Landan ya tsiro, ba a Kingston ba, kuma muryar mata ce ta raine shi.

Sinima ta daɗe tana tsaye a bakin ƙofar wannan ɗaki kafin ta shiga sosai. Fim ɗin Horace Ové, Pressure, na 1976, ya fi mai da hankali ga rashin aiki da siyasa. Babylon na Franco Rosso, a 1980, ya bi samarin da ke da kayan kiɗa a kudancin Landan, ya nuna yadda 'yan sanda ke kama su bisa zato kawai, da wata tsohuwar doka ta 1824. Labarin maza ne da fushinsu. Menelik Shabazz ne ya juya akalar a 1981 da Burning an Illusion, inda ya sa budurwa, Pat, a tsakiyar labari, tana neman aure da zaman rufin asiri, har ɗaure saurayinta ya buɗe mata ido.

Sai a 2020 Steve McQueen ya shigar da mai kallo har ƙuryar ɗakin, ya kwana da shi a ciki. Fim ɗinsa Lovers Rock, ɗaya daga cikin biyar na jerin Small Axe da BBC ta nuna, labarin dare ɗaya ne a yammacin Landan a 1980. Martha ta sulale ta taga daga gidan iyayenta masu riƙon addini, ta je bikin, ta haɗu da Franklyn, bakanike. Da aka sa "Silly Games" faifan ya ƙare, jama'a suka ci gaba da rerawa da bakinsu na tsawon mintoci, ba ganga ba jita. Duk da haka fim ɗin bai ce ɗakin aljanna ne ba. A lambun gidan wani ya nemi keta haddin yarinyar da ake yi wa bikin, sai da Martha ta hana shi. A titi kuma samarin Turawa suka yi wa Martha kukan biri. Da gari ya waye Franklyn ya sauya harshe gaban ubangidansa Bature, ita kuwa ta lallaɓa ta koma gado daidai lokacin da ake kiranta zuwa coci.

Zaɓen shekarar 1980 yana da nauyi. Ranar 18 ga Janairu 1981 gobara ta tashi a wani bikin ranar haihuwa a New Cross, matasa baƙar fata 13 suka mutu. Bincike biyu na kotu, a 1981 da 2004, ba su yanke hukunci kan musabbabinta ba. Ranar 2 ga Maris mutane wajen 20,000 suka yi zanga-zanga, a Afrilu kuma Brixton ta kama da tarzoma. Masu rawar da McQueen ya nuna sa'o'in waɗanda suka mutu ne.

Abin lura ga ɗalibin tarihi da ma'aikacin hukuma shi ne, takardun 'yan sanda da rahoton kwamiti ba su san wannan biki ba sai ta fuskar hayaniya da sayar da giya ba lasin. Wanda ya dogara da su kaɗai zai ɗauka jama'ar nan matsala ce kurum. Finafinan sun adana abin da fayil ya bari: yadda mutanen da aka rufe wa ƙofa suka buɗe tasu, suka yi kiɗansu, suka kuma kafa iyalan da jikokinsu suke cike da Landan a yau.