Daga Gonar Zagami Zuwa Duniyar Mars: Tarihin Duwatsu da Motocin Bincike

A ranar 3 ga watan Oktoba na shekarar 1962, wani manomi yana korar hankaki a gonarsa kusa da ƙauyen Zagami, cikin lardin Katsina, sai ya ji wata irin ƙara daga sama, wani abu ya faɗo ƴan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi, sai ga dutse mai baƙar fata kamar an babbake shi, nauyinsa kimanin kilo 18. Aka kai shi ma'aikatar binciken ƙasa da ke Kaduna aka ajiye. A wancan zamani babu wanda zai iya faɗin asalinsa, domin ɗan Adam bai taɓa saukar da ko allura a kan duniyar Mars ba, wadda Larabawa ke kira Mirrih.

Hanyar gano asalin dutsen ta buɗe ne a 1976, sa'ad da kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking suka sauka a Mars, suka auna irin iskar da ke kewaye da ita. A 1983 masana suka tarar da burbushin iska a kulle cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar kudancin duniya, awonsa kuwa ya yi daidai da na Viking. A 1995 aka sami irin wannan shaida a cikin dutsen Zagami. Bayanin masana shi ne, dutsen ya daskare daga narkakken dutse shekaru kamar miliyan 180 da suka shige, sa'an nan wani ƙaton dutse ya daki Mars ya fallatsa shi sararin samaniya, ya yi ta gewaya kusan shekaru miliyan 3 kafin ya faɗo a gonar Bahaushe. A 1996 aka liƙa wani ɗan ɓarɓashinsa a jikin kumbon Mars Global Surveyor, aka mayar da shi sararin mahaifarsa.

To, amma Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kumbunan Viking a wuri ɗaya suka kafe, abin da hannunsu ya kai kaɗai suka taɓa. Saboda haka aka ƙera motoci marasa direba, waɗanda za su yi yawo suna duba duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Ta farko da ta yi tafiya a can ita ce Sojourner, a watan Yuli na 1997. Nauyinta bai wuce kilo 11 ba, tafiyarta duka kuwa kimanin mita 100 ce. A Janairun 2004 tagwaye suka sauka, Spirit da Opportunity, an yanka musu aikin kwana 90, amma Opportunity ta kai har watan Yuni na 2018, ta ci kilomita 45, kafin wata guguwar ƙura ta rufe mata hasken rana. Curiosity ta bi baya a 2012, Perseverance a 2021, a shekarar kuma ƙasar Sin ta saukar da tata mai suna Zhurong.

Tuƙin waɗannan motoci aikin haƙuri ne. Saƙo daga nan zuwa can yakan ɗauki daga minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan duniyoyin biyu, don haka ba a iya juya mota nan take in ta doshi rami. Masu kula da ita sukan duba hotunan jiya, su tsara tafiyar yau, su aika, su jira. Yinin Mars ya ɗara namu da kusan minti 40, har a watannin farko ma'aikatan kan mayar da barcinsu da tashinsu bisa agogon can.

Abin lura a nan shi ne yadda binciken motocin ya riƙa komawa kan duwatsun da ke hannun mutane tun da can. A 2004 Opportunity ta ci karo da wani dutse da sinadarinsa ya yi kama da na dangin Zagami. A 2013 Curiosity ta auna iskar argon da daidaiton da ya wuce na Viking, ta ƙara tabbatar da cewa waɗannan duwatsu daga Mars suke. Perseverance ma da ta tashi, sai da aka saka mata guntun wani dutsen Mars da aka tsinta a ƙasar Oman, don ta riƙa gwada na'urarta da shi. Har yanzu babu kumbon da ya dawo da ko tsakuwa ɗaya daga Mars. Ke nan duk abin da ɗakunan bincike ke riƙe da shi na jikin wannan duniya, faɗowa ya yi da kansa, kuma kaso mai yawa daga hamadar Sahara aka tsinto shi.

A nan ne labarin ya shigo Nijar. A watan Nuwamba na 2023 aka tsinci wani dutse a jihar Agadas, nauyinsa ya haura kilo 24, aka yi masa rajista da lamba NWA 16788, shi ne mafi girman dutsen Mars da aka sani a doron ƙasa. Ya bi ta Italiya, ya ƙare a birnin New York, inda kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a ranar 16 ga Yuli 2025 kan kuɗi dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, kamfanin kuwa ya ce an bi ƙa'ida. Na Zagami ma tuni aka yanyanka shi, gutsattsarinsa suka watsu a ɗakunan bincike da hannun ƴan kasuwa.

Mutanen Damargu ba baƙi ba ne ga irin wannan tarihi. Ƙasarsu ita ce zangon ayari tsakanin Agadas da Damagaram, kuma a Tagelel ne Barth da abokan tafiyarsa biyu suka rabu a Janairun 1851, kowa ya kama hanyarsa, abin da suka rubuta game da ƙasar kuma a Turai aka buga shi. Dukiya da sani sun daɗe suna ratsa wannan hanya suna wucewa.

Wanda ke fara ganin dutsen sama, manomi ne ko makiyayi, irin waɗanda suka cika karkarar Tanut da Belbeji. Alamominsa ba su da wuyar koyarwa: baƙar fata mai kama da ƙuna, nauyin da sau da yawa ya fi na duwatsun wurin, da santsin da wuta ta bari a jikinsa. Darajarsa ga ilmi tana ƙaruwa in an rubuta wuri da ranar da aka same shi, ba a fasa shi ba, ba a wanke shi ba. Malamin da ya koya wa ɗalibansa wannan, ya haɗa musu da labarin Zagami da na motocin Mars, ya ba su abin da zai sa dutse na gaba ya shiga littafi da sunan garinsu kafin ya shiga jakar dillali.