Wa ke da haƙƙin mallakar buɗaɗɗiyar manhaja?

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Mutane da yawa na ɗaukar cewa irin wannan manhaja ba ta da mai ita, amma ba haka abin yake ba. A ƙasashen da suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Berne, har da Najeriya, haƙƙin mallaka yana tabbata ga marubuci da zarar ya yi rubutu, ba sai ya yi rajista ba. Lasisi izini ne kawai da mai haƙƙi ya bai wa jama'a. Saboda haka, idan dubban mutane suka haɗa hannu suka gina manhaja guda, wanda ke riƙe da haƙƙin shi ne ke da ikon sauya sharuɗɗanta.

Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya koma ƙarƙashin lasisin GPL a 1992. Torvalds bai taɓa neman masu bayar da gudummawa su miƙa masa haƙƙinsu ba. Kowa yana riƙe da abin da ya rubuta. Sauya lasisin yanzu sai an samu amincewar dubban mutane da kamfanoni, wasu sun rasu, wasu an daina jin ɗuriyarsu. Wannan warwatsuwar ce ta zame wa Linux katanga, domin babu kamfani ɗaya da zai wayi gari ya rufe shi. Bayan ƙarar da kamfanin SCO ya shigar da IBM a 2003, yana zargin an cusa rubutunsa cikin Linux, sai aka ɓullo da shaidar DCO a 2004: mai gudummawa ya ƙara layi guda da sunansa, yana tabbatar da cewa yana da ikon bayar da abin da ya kawo. Ba ya sallama komai.

Gidauniyar FSF, wadda Richard Stallman ya kafa a 1985, ta bi wata hanya. Ta nemi a miƙa mata haƙƙin manhajojin GNU da dama, don ta iya tsayawa a kotu idan an keta lasisi. A 2021 masu kula da GCC suka sassauta wannan sharaɗi.

Hanya ta uku ita ce yarjejeniyar CLA. Mai gudummawa yana ci gaba da zama mamallakin rubutunsa, amma yakan bai wa mai aikin izini mai faɗi, wanda sau da yawa ya haɗa da ikon sake lasisi. Gidauniyar Apache na amfani da irinta ba tare da hayaniya ba, domin ba riba take nema ba. Idan kuwa kamfani ne ke karɓar sa hannun, lissafin kasuwa kan iya juyawa. A watan Agusta 2023, HashiCorp ya cire manhajarsa ta Terraform daga lasisin MPL zuwa BSL, wanda ya hana masu gogayya da shi amfani da ita wajen kasuwanci. Waɗanda suka yi aikin sa kai tsawon shekaru ba su da ta cewa, tunda sun riga sun sa hannu. Doka na bayan kamfanin, ko da yake da wuya a kira hakan adalci.

Abin da ba a iya janyewa shi ne lasisin da aka riga aka bayar a kan tsofaffin nau'o'in manhajar. Daga nan wasu kamfanoni da masu sa kai suka kwafi Terraform na ƙarshe da ke buɗe, suka ci gaba da gina shi da sunan OpenTofu, wanda ya koma hannun Gidauniyar Linux a watan Satumba 2023. Maimakon CLA, sabon aikin ya zaɓi shaidar DCO.