Haƙori da busa: Yadda mabusa ke kare bakinsu

Masu zuwa kallon hawan sallah a Dutse, daga Garu ko Yalwawa da sauran unguwanni, sun saba da amon algaita da kakaki a bayan tawagar sarki.

Sai dai ba kowa ne ya san cewa sana'ar mabushi ta dogara a kan haƙoransa na gaba ba, domin su ne ke tokare leɓe a lokacin busa.

A shekarar 1939 wani likitan haƙori na Amurka, Edward Strayer, ya kasa kayan busa gida huɗu, bisa la'akari da yadda kowanne ke zama a baki.

Kilarinet

Matsalar tana shafar masu busa kilarinet, wato sarewar Turawa da aka ƙera a Jamus wajen shekarar 1700, wadda 'yan badujalar soja da na 'yan sanda ke amfani da ita.

Mabushin kan ɗora haƙoransa na sama a kan bakin sarewar, sannan ya naɗe leɓen ƙasa a kan haƙoran ƙasa.

Idan yana sanye da wayar daidaita haƙora, to ƙarfen kan yanki leɓen daga ciki. Idan kuwa haƙoran roba ne, sukan goce su gurje dasashi.

Don haka akan lulluɓe wayar da kaki na musamman da likitoci ke bayarwa, ko a sa wata siririyar roba da aka auna daidai da haƙoran mutum, a kuma liƙa wata a saman bakin sarewar domin rage girgiza.

Algaita da kakaki

Mai algaita ba ya cizon komai. Yakan zura harshen algaitar cikin baki baki ɗaya, ya jingina leɓɓansa a kan ɗan faifan da ke ƙasansa, ya tara iska a kumatu yana shaƙar wata ta hanci.

Faifan ne ke baza nauyin a kan leɓe, amma duk da haka giɓi a gaba kan sa riƙe iska ya yi wuya.

Shi kuwa mai kakaki, leɓensa na matse ne tsakanin ƙarfe da haƙori.

Mafita

Rasa haƙori ba lallai ne ya kawo ƙarshen sana'a ba. Fitaccen mabushin Amurka Chet Baker ya rasa haƙoransa bayan wani duka da aka yi masa a shekarun 1960, amma ya sake koyon busa da haƙoran roba.

Shawarar likitoci ita ce mabushi ya bayyana sana'arsa tun kafin a cire masa haƙori, ya kuma je asibiti da abin busarsa, domin a auna haƙoran da za a sa masa daidai da yadda yake kama shi.