Me Ya Sa Ciwo Ke Biyo Bayan Wahalar Hanya?

Duk wanda ya taɓa sauke shanu bayan tafiyar kwana biyu ko uku daga Potiskum zuwa Fatakwal ya san wannan. Saniya ta hau tirela lafiya ƙalau, bayan 'yan kwanaki sai majina, sai tari, ta ƙi ciyawa. Baba cewa yake iskar kudu ce. Likitocin dabbobi kuwa zazzaɓin jigila suke kiransa, kuma mafarinsa cunkoso ne da ƙishirwa da tsoro.

Idan hankali ya tashi, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo ga wasu 'yan halittu biyu da ke saman ƙoda, su saki sinadarin kotizol. Na ɗan lokaci yana da amfani. In abin ya daɗe, sai ya danne fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a hancin saniya su samu hanyar gangarawa huhu.

Su ma fararen ƙwayoyin jinin suna da nasu 'yan aike, ana ce musu saitokin, irin su IL-1 da IL-6 da TNF. Su ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin cuta, ta cikin jini ko ta jijiyar begas wadda ta sauko daga kai har cikin ciki. Ita kuma sai ta ɗaga zafin jiki, ta cire maka son abinci, ta saukar maka da kasala. Wato kwanciyar mai zazzaɓi umarni ce, ba ragwanci ba.

Mu ma ba mu tsira ba. A binciken da Sheldon Cohen ya fitar a 1991, an ɗiga wa mutum 394 ƙwayar mura a hanci a Ingila, waɗanda damuwa ta fi yi wa yawa su suka fi kamuwa. A 1995 kuma a Ohio ta Amurka, an ga ƙaramin rauni a hannun mata masu jinyar danginsu masu cutar mantuwa ya ƙara kusan kwana 9 kafin ya warke, jininsu kuma bai samar da IL-1 sosai ba.

Abin da ke ba ni haushi, mukan ba shanu ruwa da hutu in sun sauka, don kuɗi ne. Yaran da suka kwana a saman tirelar kuwa, in Laraba ce, kai tsaye Oil Mill suke wucewa dako, da paracetamol a aljihu. Wanda zazzaɓinsa ya kwana, don Allah a kai shi gwajin maleriya tukuna.