Sauke Giyabos: Tarihin Gayyar Canjin Kuloci a Arewa

A cikin gyare-gyaren mota akwai waɗanda mutum ɗaya zai yi a tsaye ya wanke hannu: canjin fulogi, juyen baƙin mai, ɗaure wayar batir. Canjin kuloci ba ya cikinsu. Abin da ake son a canza faifai ne da faɗinsa bai wuce santimita 20 da 'yan kai ba a ƙaramar mota, amma yana can a ɓoye tsakanin injin da giyabos, kuma ba a kai gare shi sai an raba su biyun. Giyabos ƙarfe ne mai nauyi da santsin mai, wanda ke kwance a ƙarƙashin mota kuwa ba shi da wurin juya kafaɗa. Dole a samu mai tallabe, da mai haska fitila, da mai miƙo sifana. Daga wannan larura ce wata al'ada ta tsiro a tashoshi da ƙofar gidajen arewa, inda direba da yaransa da abokan sana'arsa kan taru su yi wa mota ɗaya taron dangi, kamar yadda manoma ke yi wa gonar ɗayansu gayya.

Aikin kuloci shi ne haɗa ƙarfin injin da giya, da kuma raba su. A bayan injin akwai wani babban faifan ƙarfe mai juyawa. Faifan kuloci na manne da shi, wani murfi mai sifirin kuma ya matse su tamau, har su juya tare. In direba ya taka ƙafarsa ta hagu, wani ɗan boris ya danna tsakiyar murfin, matsin ya saki, injin ya ci gaba da juyi shi kaɗai, hannu ya samu damar sauya giya. Duk lokacin da mota za ta tashi daga tsaye sai faifan ya ɗan goga kafin ya kama, kuma wannan gogar ce ke cinye shi sannu a hankali.

Motocin farko a Turai da fata ake lulluɓe kulocinsu, ga saurin ƙonewa, ga fizga. Wani Baturen Ingila mai suna Herbert Frood ya kafa kamfanin Ferodo a 1897, ya shahara da haɗa abin da ke jure guga da zafi don birki, daga baya aka kai fasahar kan kuloci. A 1923 aka kafa kamfanin da ke sayar da kayan Ferodo a Faransa, ya shiga ƙera kuloci a 1932, a 1980 kuma ya koma amsa sunan Valeo. Sunan da kanikawan Kano da Kaduna ke nema ke nan a jikin kwali har yau in suna son kaya na asali.

Mota ta yaɗu a ƙasar Hausa ne a bayan jirgin ƙasa. Layin dogo ya kai Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka shiga neman abin da zai kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi fiye da abin da jakuna da raƙuma ke iyawa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko na cikin sarakunan farko da suka mallaki mota. Kanikawan wancan zamani sun koyi aiki ne a ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, da garejin En'e, da na kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yawansu: cikin sojojin da aka kai ƙasar Bama akwai waɗanda suka dawo da tuƙi da gyara a hannunsu, suka kama manyan motocin Bedford da Austin.

Direban babbar mota a lokacin rabin bakanike ne, ko ya so ko bai so ba. Hanyoyin na burji ne, tsakanin gari mai gareji da wani sai a yi wuni ana tafiya. In kuloci ya ƙone a daji, shi da yaron motarsa ne za su shimfiɗa buhu su shiga ƙarƙashi, duk direban da ya zo wucewa kuma sai ya tsaya, don ya san gobe shi ne. A nan aka kafa ƙa'idar da ta daɗe a tsakanin masu mota: ba a wuce ɗan'uwa a kan hanya da bonet a buɗe.

Zamanin da abin ya game gari shi ne zamanin Fijo. An yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, a 1975 kuma masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci. Shekaru da dama ta jirgin sama ake kwaso sassan daga Liyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, daga nan a ɗora su a mota zuwa Kaduna. A daidai lokacin ne kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗa aljihun ma'aikata, bashin sayen mota ya sauƙaƙa, gwamnatin Obasanjo ta soja kuma ta mai da 504 motar manyan jami'anta. Malamin makaranta, akawu, ɗan kasuwa, direban haya, kowa Fijo. A farkon shekarun 1980 dubun-dubatar motoci ke fita daga Kakuri a shekara.

Wannan ya haifar da abin da ba a taɓa samu ba: kusan unguwa guda na tuƙa mota iri ɗaya. Wanda ya taɓa ganin an buɗe 404 ko 504 sau biyu ya san inda kowane noti yake. Sifanar maƙwabci ta yi daidai da motarka, tsohon faifan da ya ajiye zai fisshe ka zuwa ƙarshen wata. Ita ma 504 ɗin, wadda ta fito a 1968 ta kuma ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, an gina ta yadda hannu zai kai ko'ina: injin a miƙe, giyabos a bayansa, ƙarfin na tafiya zuwa tayoyin baya. Masana'antar ta horar da ɗimbin matasa, haka ma Kwalejin Fasaha ta Kaduna da aka kafa a 1956 ta zama Foliteknik a 1968. Da yawa cikinsu sun buɗe garejinsu, wasu kuma sun zama mutumin nan na unguwa da ake aika yaro ya kira ranar Asabar.

Motar haya ta fi kowace cin kuloci. Wagon ɗin 504 da ke lodi a tashar Kawo ta Kaduna ko Unguwa Uku ta Kano takan tashi da fasinja fiye da kujerunta, ga buhuna a but, ga kaya a sama. Irin wannan mota in ta tunkari Hawan Kibo a hanyar Jos, nan ake sanin gaskiyar kulocinta. Alamar ba ta ɓuya: direba ya taka totur, injin ya yi ta kuka, motar ba ta ƙara gudu, sai wani ƙauri ya cika ciki. In ya samu ya lallaɓa ya kai gida, washegari ba lodi.

Yadda ranar takan kasance ke nan. Bayan sallar asuba a tura motar ƙarƙashin dalbejiya, a sa duwatsu a tayoyi, a cire kan batir. A ɗaga ta da jak, sannan a tokare da kututture ko tsofaffin wili, don babu mai hankalin da zai shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kanikawa da yawa sun san wanda ganganci irin wannan ya karya. Babba a cikinsu ya kwanta a kan kwali, yaro ya tsuguna kusa da shi da kwanon da ake tara notuna. A kwance sandar giya, da sitata, da abin da ke kai ƙarfi baya, a bi notunan da ke kewaye da bakin giyabos ɗaya bayan ɗaya. A 504 wasu sun fi son su ɗaga injin gaba ɗaya da sarƙa a rataye a reshe ko a ƙarafa uku, su ce ya fi sauri. Kowace hanya aka bi, akwai lokacin da nauyin ke sauka a hannun mutane, a ji na ƙasa yana cewa, “Oga, ɗan ɗaga baya,” na sama ya amsa, “Riƙe da kyau, Malam, ga shi nan zuwa.”

In an buɗe, kowa ya matso ya gani. Faifan da ya mutu yakan yi sumul yana ƙyalli, kawunan ribitinsa sun fito har sun fara zana layi a jikin ƙarfe. Babban ya shafa fuskar faifan injin da yatsa, ya juya ɗan boris ɗin kusa da kunnensa, in ya ji ƙara ya ce a haɗa da shi, don ba wanda ke son sake sauke giyabos saboda abu mai araha.

Mayarwa ita ce gwanintar. Sabon faifan sai ya zauna a tsakiya cif kafin a ɗaure murfinsa, in ya kauce ko kaɗan sandar giyabos ba za ta shiga ba, sai a wuni ana turawa ana gumi. A littafin kamfani akwai kayan aiki na musamman don wannan. A unguwa kuwa tsohuwar sandar giyabos ce da aka yanke, wadda ke yawo daga hannu zuwa hannu, in babu ita a feƙe ƙotar tsintsiyar bature a naɗa mata salatif. A ɗaure notunan murfin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi. Daga ƙarshe, tun da kulocin 504 da mai yake aiki, sai a sa yaro a kujerar direba yana taka feda, wani a ƙasa yana sakin iska: “Taka! Riƙe! Saki!” Mai motar ya sayo abinci da ruwan sanyi, ya ba yaran na sabulu. Abokai ba a biyan su. Ranar tasu motar za su aiko.

Shekarar 1986 ta sauya lissafi. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira: dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai kusan naira 4 a 1987. Sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, sabon kaya a kwali ma ya fi ƙarfin direba. A nan kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka ƙara daraja. Maimakon a jefar da tsohon faifai, sai a kai wa mai sana'ar, ya huda ribitin, ya cire abin da ya cinye, ya buga sabo a kan ƙarfen. Dabarar ta riƙe dubban motoci a kan titi, amma ta zo da illa. Da yawa daga kayan gugar na wancan zamani da asbestos aka yi su, ƙurarsu kuma na lalata huhu bayan shekaru, ga shi da baki ake hure ta daga cikin murfin giyabos, ba ƙyalle a hanci.

Sai motocin Beljiyam suka kwararo ta Kwatano, wasu ta Maraɗi su shigo ta Jibiya. Golf da Sharon da Vectra suka karɓe tashoshi. Injinsu a gicciye yake, tayoyin gaba ke ja, don haka kafin a kai ga kuloci sai an zare sandunan tayoyin, wurin kuma a matse. Wasu na zuwa da faifan inji mai hawa biyu, irin wanda kamfanin LuK na Jamus ya fito da shi a 1985, wanda ba a gyara shi sai dai a sayi wani. Masana'antar Kakuri ta daina 504 a tsakiyar shekarun 2000, aka sayar da hannun jarin gwamnati a 2006. Masu motar gida kuwa suka koma Honda da Toyota masu giyar otomatik daga Amurka, waɗanda ba su da feda ta uku sam. Yau akwai matasa da yawa masu lasin da ba su taɓa taka kuloci ba, kuma in motarsu ta yi ciwo kwamfuta ake jona mata. Unguwar da a da ke tuƙa mota iri ɗaya yanzu tana da iri ashirin, sifanar maƙwabci ba lallai ta shiga ba.

Al'adar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Direbobin Hayis da akori-kura da Kanta har yanzu suna sauke giyabos a bayan tasha tare da 'yan layinsu. Mafi yawan masu yin ta a yau kuwa 'yan babur ne da masu keken A Daidaita Sahu, waɗanda suka cika titunan Kano musamman bayan hana acaɓa a 2013. Kulocinsu ƙananan faya-fayai ne da yawa a jere cikin mai, ana buɗe su daga gefen injin ba tare da jak ko sarƙa ba, aikin awa ɗaya ko biyu. Mai keken da ke biyan balas kullum ba ya iya ajiye shi kwana biyu a gareji, don haka da yamma sai a ga huɗu ko biyar sun jera kekunansu a inuwa, ɗaya a buɗe, wanda ya fi su daɗewa a harkar yana jiƙa sababbin faya-fayan a baƙin mai kafin ya jera su, wani kuma yana riƙe da waya yana haska masa.