Majami'ar Ƙauye a Ƙasar Damagaram da Gobir

A shekarar 1924 ne 'yan mishan na ƙungiyar SIM suka sauka Zinder, lokacin tana babban birnin mulkin Faransa a Nijar. Sun tarar da ƙasa wadda Musulunci ya daɗe da kafuwa a cikinta, tun daga fadar Sarkin Damagaram har garuruwan Tsotsebaki irin su Mirriya, mai nisan kilomita 18 daga birnin. Ko ranar Lahadi da suke sujada, a Mirriya ranar cin kasuwa ce. Saboda haka ba su sami mabiya ba sai ƙalilan.

A 1927 suka buɗe tasha a Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, inda bori da tsafin gargajiya suke da ƙarfi. Daga nan ne ƙananan majami'u suka bazu a karkara. Galibi ɗaki ɗaya ne na ƙasa, sai tabarmi ko bencina. Amma aikin ɗakin ya wuce sujada. A nan ake koyon karatun boko da Hausa, musamman bayan fitowar Littafi Mai Tsarki a 1932, kuma a gefensa ake ba marasa lafiya magani. Musulmi da Azna sukan zo neman maganin, su koma gida da addininsu.

Harshen majami'a kuwa aro ne daga masallaci, watau kalmomi irin su Allah, addu'a, sujada, zunubi da Almasihu. Wannan ya sa wa'azi ya zama mai saukin fahimta. Sai dai dogaro da Hausa ya jawo wa mabiya hasara, domin gwamnati Faransanci take so, wanda bai iya shi ba kuma ba ya samun aikin ofis.

Bayan samun mulkin kai a 1960, majami'un suka koma hannun 'yan ƙasa a ƙarƙashin ikilisiyar EERN. Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba, don haka zaman majami'a ya dogara ga haƙurin maƙwabta. An jarraba wannan haƙuri ranar 16 ga Janairu 2015, da masu zanga-zanga kan zanen jaridar Charlie Hebdo suka ƙone majami'u a Zinder, kashegari kuma a Yamai. A cikin wannan tarzoma, wasu Musulmi ne suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu har ƙura ta lafa.